Kayan Yaƙin Duniya na Biyu da ke Gidajenmu



A Ingila akwai masu tara hulunan matuƙan jiragen yaƙi da rigunansu, suna sayensu da tsada. Tun daga 1940 jiragen nan suka riƙa sauka a Kano, a hanyarsu daga Takoradi zuwa Alƙahira. To, mu me muka adana?

Samarin Lardin Kano, wanda Dutse ke cikinsa a lokacin, sun yi yaƙi a Bama, suka komo da lambobin yabo da takardun sallama. Waɗanda suka rage suna cikin adaka, gara na cin takardun. Ɗaliban Dutse, ku nemo su, ku rubuta sunan mai su da labarinsa, domin lambar da ba a san mai ita ba ƙarfe ce kawai.