Elele: Zangon Hausawa da Ya Girmi Fatakwal

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwarmu ya gabatar a wajen taron shekara na ƙungiya, a gaban wakilan Fatakwal da Anaca da Inugu)

 



An nemi mu ce wani abu game da tarihin zamanmu a wannan yanki na Gabas. Da muka zauna muka yi shawara da abokan sana'a, sai muka ga bai kamata mu fara da manyan birane ba, domin kowa ya san su. Gara mu fara da ƙauyen da yawancinmu ke wucewa a mota ba tare da mun ko waiwaya ba, wato Elele.

Ga wanda bai san wurin ba, Elele tana cikin Ƙaramar Hukumar Ikwerre a Jihar Ribas. In ka taso daga Fatakwal za ka Owerri, za ka wuce filin jirgin sama na Omagwa, ka wuce Isiokpo inda hedkwatar ƙaramar hukumar take, sa'an nan ka iso mararrabar Elele, inda hanyar Ahoada ta rabu. Ƙasa ce ta kurmi da ruwan sama mai yawa. Mutanenta manoma ne na rogo da doya da kwakwar manja. Yau akwai barikin soja a wurin, akwai kuma reshen Jami'ar Madonna ta 'yan Katolika, don haka garin ya buɗe. Amma lokacin da kakanninmu suka fara sauka, daji ne da 'yan ƙauyuka a tsakiyar itatuwa.

To me ya kawo Bahaushe wannan kurmi? Jama'a, giwa ce. A wajen shekarun 1890 waɗansu maharba daga ƙasar Hausa suka ƙetare Binuwai, suka yi ta nausawa kudu suna bin sawun giwa saboda haurenta, wanda a zamanin nan Turawan kamfani da ke bakin teku ke saye da daraja. Makaminsu shi ne sango, wato wani ɗan mashi mai dafi da ake ɗura wa bindiga a harba. Aiki ne na masu ƙarfin zuciya, domin sai maharbi ya matso dab da giwa kafin ya saki, in kuwa ya kuskure, to sai dai wani ba shi ba.

A nan akwai abin da muke so samarinmu su riƙe. Giwar da maharban nan ke nema ita ce kuma ta addabi masu ƙasa. Garke ɗaya in ya faɗa gona da dare, kafin gari ya waye aikin shekara ya tafi. Saboda haka da baƙin suka zo, buƙatu biyu suka haɗu: manomi ya samu gonarsa ta tsira, ga kuma nama, maharbi ya samu haure. A kan haka aka ba su wurin zama. Wato da amfani muka shigo ƙasar nan, kuma da yardar masu ita muka zauna.

Yanzu mu auna shekarun. Turawa ba su ci Kano da Sakkwato ba sai 1903. An gano kwal a yankin Udi a 1909. Fatakwal da muke taƙama da ita, a 1912 aka fara share wurinta, a 1913 aka raɗa mata sunan Lewis Harcourt, sakataren ƙasashen mulkin mallaka na Ingila. An haɗa Kudu da Arewa a 1914. Jirgin ƙasa ya fara jigilar kwal daga Inugu zuwa Fatakwal a 1916. Kun ga ke nan ana kiran salla da tafasa tukunyar tuwo a zangon Elele kusan shekara 20 kafin a aza tubalin Fatakwal, kafin ma a yi wata ƙasa guda mai suna Nijeriya.

Giwa ba ta ɗore ba. Harbi ya yi yawa, gonaki suka ci daji, Turawa kuma suka kafa doka cewa ba mai harbi sai da lasin. Yau a duk Jihar Ribas sai 'yan ƙalilan da suka rage a wajen Andoni, kuma tun 1989 aka hana cinikin haure tsakanin ƙasashen duniya. To da kiɗa ya sauya sai rawa ta sauya. Maharba da 'ya'yansu suka ajiye sango suka kama fatauci da fawa da ɗinki da sauran sana'o'in hannu. Ba su koma gida ba, domin sun riga sun yi aure cikin mutanen Ikwerre, sun haifu, sun gina masallaci, sun buɗe makarantar allo, sun kuma binne iyayensu a wannan ƙasa. Duk wanda ya binne mahaifinsa a wuri, ai ya wuce a kira shi ɗan ci-rani. Shi ya sa za ka tarar da jikan maharbi yana Ikwerre kamar kawunsa, yana Buroka a kasuwa, yana Hausa a masallaci, kuma dangin uwarsa na zuwa masa suna da biki.

Elele ba ita kaɗai ba ce. A arewacin Nsukka akwai Ibagwa Nkwo, inda fataken dawaki, Nufawa da Hausawa, suka riƙa sauka, saboda mutanen yankin na sayen doki don ɗaukar sarautun gargajiya da bikin binne manya. A Owerri akwai Ama Awusa, wato unguwar Hausawa. Sunan Abakpa da kuke ji a Ogoja da Abakaliki da Inugu, asalinsa sunan da ake kiran Hausawa ne da shi. Har a bakin Ibo mun bar alama: goron da muke kawowa suna ce masa gworo ko oji Awusa, don su bambanta shi da nasu na gargajiya.

Da aka gama gadar jirgin ƙasa ta Makurɗi a 1932, sai hanya ta buɗe sosai. Shanu suka riƙa sauka a Umuahia a cikin taragu, albasa da wake da busasshen kifi na biye, manja da gari kuma na hawa Arewa. Daga nan ne unguwanninmu na birane suka cika, ƙauyuka irin su Elele suka koma baya a idon mutane. Zaman ya yi daɗi har ta kai a shekarun 1950 Malam Umaru Altine, Bafulatanin ƙasar Sakkwato mai fataucin shanu, ya zama magajin garin Inugu na farko, kuma ƙuri'ar Ibo ce ta ɗora shi. Wannan ya faru, a rubuce yake.

Sai kuma 1966. Ba za mu tsawaita a nan ba, domin akwai dattawa a zaune da suka gani da idonsu. An zubar da jinin mutanen Gabas a Arewa, an taɓa namu a nan, kuma a watan Oktoba na shekarar gwamnan soja na Gabas, Odumegwu Ojukwu, ya ce duk wanda ba ɗan yankin ba ne ya fita. An ƙirƙiro Jihar Ribas ranar 27 ga Mayu 1967, aka yi shelar Biyafara ranar 30 ga wata, yaƙi ya ɓarke a Yuli, bai ƙare ba sai Janairun 1970. Zangogi suka watse. Iyayenmu sun sha gaya mana yadda mutum zai isa garin da ake ce masa garinsu ne a Arewa, ya tarar ba wanda ya san shi, ko Hausarsa ma dariya ake yi mata. Da ƙura ta lafa da yawa suka dawo, domin nan ne gidan da suka sani. Wanda ke da takarda ko maƙwabcin kirki da ya tsare masa wuri ya samu abinsa. Wanda ba shi da ko ɗaya ya fara daga farko.

Bayan yaƙi ma ba a rasa girgiza ba. A Fabrairun 2000 rikicin Kaduna ya dawo kanmu a Aba. A Fabrairun 2006 na Maiduguri ya dawo kanmu a Anaca, 'yan'uwa suka yi ta gudu zuwa bariki da ƙetaren gada zuwa Asaba. A Oktoban 2020 mutanenmu na Oyigbo sun ga tashin hankali. A 2023 kuma gwamnatin Abiya ta ce kasuwar shanu ta Lokpanta ta koma ta yini kawai, a daina kwana a ciki, mutanen da suka yi shekaru a wurin suka shiga neman inda za su sa kansu. A kowane karo tambaya ɗaya ake jefo mana: ku su wane ne, yaushe kuka zo? Mu kuwa sai mu yi ta kame-kame, alhali amsar na nan a Elele.

Abin da zai ba ku mamaki, wadda ta zauna ta bi ƙauyukan nan ɗaya bayan ɗaya, ta yi hira da tsofaffinmu, ta rubuta littafi a kan zuwan Musulunci ƙasar Ibo a 2011, ta ƙara wani a kan yankin Neja Dalta, 'yar ƙabilar Ibo ce, Farfesa Egodi Uchendu ta Jami'ar Nsukka. Mun gode mata. Amma mu masu abin fa? Muna iya faɗin farashin buhun albasa na shekara goma baya, amma ɗan cikinmu bai san sunan kakan kakansa da ya fara sauka ba.

Saboda haka muna roƙon shugabanni su duba waɗannan shawarwari.

Na farko, kowane reshe ya naɗa samari biyu ko uku masu ilmin boko da na Islamiyya, su bi dattawa maza da mata da wayar hannu su ɗauki maganarsu: daga ina aka taso, wa ya ba da wurin zama, wa aka aura, ina aka gudu lokacin yaƙi. A fara da Elele, kuma a fara bana, domin kullum muna jana'iza. Kada a manta da iyayenmu mata, su ne suka san dangantakar aure.

Na biyu, a tattara tsofaffin takardu: rasiɗin haraji, yarjejeniyar fili, hotuna, wasiƙun ajami. A ɗauki hotonsu a ajiye a wuri fiye da ɗaya. Filin masallaci da na maƙabarta kuwa a sa safiyo ya auna, a nemi takardar mallaka daga gwamnati. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasa na hannun gwamna ne, kuma alkawarin baki da kakanni suka yi yana da wuyar tabbatarwa a kotu in shaidu sun mutu. Tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa damar zama da mallakar gida a ko'ina cikin Nijeriya, amma sai da hujja a hannu ake cin moriyar wannan dama.

Na uku, duk baƙon da ya sauka, mai turin baro ne ko mai gyaran takalmi ko ɗan acaɓa, a kai shi gaban Sarkin Hausawa a san shi, a san wanda ya tsaya masa. Laifin mutum ɗaya kan jawo wa unguwa duka. Haka kakanninmu suka yi, kowane baƙo da maimasaukinsa.

Na huɗu, mu riƙe masu masaukinmu da mutunci. Mu koyi harshensu, mu je gaisuwar mutuwarsu, mu biya kuɗin kasuwa da na unguwa a kan lokaci. In mun je gida hutun salla kuma mu gaya wa 'yan'uwa cewa duk dutsen da aka jefi ɗan Ibo da shi a Sabon Gari, a kanmu yake sauka a nan.

Daga ƙarshe muna ba da shawara a shirya mota daga kowane reshe, bayan ƙaramar salla, a je Elele a gai da sarki da limami, a gai da sarakunan Ikwerre, a ziyarci maƙabarta a yi wa magabata addu'a, a tafi da yara su gani. Zumunta a ƙafa take. Mu 'yan kasuwar albasa da goro mun ɗauki nauyin man mota ɗaya, muna jiran mu ji daga mahauta da 'yan canji.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka share mana hanya, Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, Ya sa albarka a kasuwa, Ya maida kowa gidansa lafiya.