Bugun Lanƙwasa a Wasan Golf

Shirin yau na samarinmu ne na unguwar Hédzranawoé masu zuwa filin golf na Agoè a nan Lome suna ɗaukar wa 'yan wasa jaka, har su ma hannunsu ya fara ƙaiƙayi. Kun ishe ni da tambaya a kan bugun nan da ƙwallo ke tashi ta dama, sannan ta lanƙwaso a hankali ta sauka hagu. To, zan faɗa muku, amma da sharaɗi: kada wanda ya gwada shi a cikin unguwa.

Da mai bugu da hannun dama nake magana, bahago sai ya juya komai. Abu biyu ke sarrafa ƙwallo: inda fuskar sanda ke kallo a daidai lokacin da ta taɓa ta, da kuma hanyar da sandar ta biyo. Fuska ce ke nuna mata inda za ta fara nufa. In hanya ta saɓa da fuska, sai ƙwallon ta riƙa juyawa a karkace, iska ta lanƙwasa ta. Don haka fuskar sandarka ta kalli dama da tutar rami kaɗan, ita kuwa sandar ta sauko ta kusa da jikinka, ta fita dama fiye da inda fuskar ke kallo.

Ɗauki sandar ƙarfe mai lamba 7, ka rabu da doguwar sandar nan tukuna, na san ita ce ke ba ku sha'awa. Murza hannun hagu zuwa dama a kan mariƙi har ka ga gaɓɓai biyu ko uku na bayan hannunka. Ja ƙafar dama baya kaɗan. Sai ka ajiye gorar roba marar ruwa a can gefen ƙwallon, ɗan baya da ita. In ka buga ka ji gora ta yi ƙara, to ta waje sandarka ta sauko, ka sake. Rabin ƙarfinka ya isa. Sannu ba ta hana zuwa.

Yauwa, ga inda hankalina ke tashi. Mai koyo ba ya samun lanƙwasa mai kyau da farko. Sai ya murɗe wuyan hannu, fuskar sanda ta rufe ruf, ƙwallo ta fita ƙasa-ƙasa ta karya hagu da gudu, inda bai taɓa zato ba. Ben Hogan na Amurka, wanda ya ci manyan gasanni 9, ya yi shekaru yana fama da wannan karyawar kafin ya shawo kanta. To ina kai da ka fara shekaranjiya? Ƙwallon nan nauyinta kusan giram 46 ne, tauri kamar dutse, kuma hannu mai ƙarfi kan tashe ta da gudun da ya haura kilomita 200 a awa. Ka dubi lungunanmu: yara na dawowa daga makarantar allo, mata na tuyar ƙosai a bakin hanya, 'yan zemijan na kai-komo a kan baburansu zuwa kasuwar gwanjo. In ta samu ido, ya tafi ke nan. Kada ka ce mini tsautsayi ne, kai ka kira shi.

Ku ma iyaye da laifinku. Yaro ya shigo da tsohuwar sanda yana wulwula ta a tsakar gida, ƙannensa na rarrafe a bayansa, kuna kallo kuna dariya. Haba!

Ba hana ku nake yi ba, wallahi ina so ku iya. Seve Ballesteros na ƙasar Sifen ɗan ɗaukar jaka ne kamar ku. Da tsohon ƙarfe guda mai lamba 3 ya koya a kan yashin bakin teku a garinsu Pedreña, kuma a 1979 ya lashe babbar gasar Birtaniya yana da shekara 22. Mu ma Allah ya ba mu bakin teku a Lome. Amma da sassafe za ka je, inda babu masunta da ragarsu, ba ranar Lahadi da yamma da jama'a ke cika wurin ba. Wanda ya fi shi ne ka roƙi izini a filin da kake aiki, ka buga a wurin atisaye, wani gwani ya tsaya ya duba maka riƙonka.

Wani abu kuma: wannan bugun ya fi sauran gangarawa bayan ya sauka, balle da hunturu in ƙasa ta bushe. Ka bar fili mai yawa a hagunka da gabanka. Kafin ka ɗaga sanda, ka waiwaya baya, ka dubi hagu sau biyu. In kuwa ƙwallo ta kuɓuce ta nufi mutane, ka ƙwala ihu su sunkuya, kada kunya ta rufe maka baki.