Ƙungiya Ba Suna Ba Ce, Aiki Ce: Jawabi Ga Makiyaya Da Fataken Shanu A Umm Rakuba

 Abin da ya tara mu yau shi ne yadda ake tafiyar da ƙungiya, domin mun sha kafa ƙungiyoyi, amma kaɗan ne suke kai shekara uku da rai.

Bari mu fara da abin da tarihin ƙasar nan ya koya mana. Tun da aka soma noman tarakta a yankin Gadarif cikin shekarun 1940, gonakin dawa da riɗi suke ta cin daji. A 1970 aka yi dokar da ta mai da duk ƙasar da ba ta da rajista mallakar gwamnati, sa'an nan a 1971 gwamnatin Numairi ta rushe mulkin gargajiya, wato nazirai da umdodi waɗanda a da su ne suke tsare burtali da mashaya. A 1992 aka yi dokar da ta kafa tarayyar manoma da ta makiyaya, amma a 2011 wata dokar ta soke wannan tsari. A wannan shekarar kuma Sudan ta Kudu ta ɓalle, garkunan da suka saba yin rani a can suka ƙara matsuwa a wannan ɓangare. To, jama'a, abin da doka ta ba mu da safe, doka tana iya karɓewa da yamma. Kayan aro ba ya rufe katara. Ƙungiyar da za ta daɗe ita ce wadda muka gina da kuɗinmu da ƙa'idarmu.

Ga kuma misali nan kusa da mu. A watan Nuwamba na 2020, da yaƙi ya ɓarke a Tigray ta Habasha, aka sake buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Umm Rakuba, cikin 'yan watanni ya ɗauki mutum wajen 20,000. Baƙi ne, sun zo hannu rabbana, amma abu na farko da aka yi shi ne rubuta sunan kowa, aka raba sansanin unguwa-unguwa, aka san mai kula da ruwa, da mai rabon abinci, da mai magani. Mu da muka yi shekara da shekaru muna kiwo a nan, idan aka tambaye mu yawan rugagen da ke bin burtalinmu, sai mu dubi juna.

Wani Bafaranshe mai suna Henri Fayol, wanda ya shugabanci kamfanin haƙar ma'adinai, ya rubuta a 1916 cewa shugabanci aiki biyar ne: shiri, tsari, umurni, haɗa kai, da bin sawu. Kowane makiyayi ya san waɗannan, ko da bai je makaranta ba.

Na farko shiri. Kafin garke ya tashi zuwa Butana da damina, ko ya gangaro kogin Rahad da rani, akan tura mai duba hanya ya gano ciyawa da ruwa. Haka ya kamata ƙungiya ta yi. Burtalai takwas aka sani a jihar nan. A bi namu tun kafin shuka, a ga inda gona ta shiga, a kai kuka da wuri. Kukan da aka kai bayan dawa ta yi kai, faɗa ne kawai.

Na biyu tsari. Shugaba daban, magatakarda daban, ma'aji daban, mai binciken kuɗi daban. Kada mutum ɗaya ya riƙe hatimi da jaka. Kuma kada kujeru su ƙare a hannun mazauna gari kaɗai. An sha kuka da haka a tsohuwar tarayya. Fatake suna da ido a kara da ofis, makiyaya suna da ido a daji, mata kuwa su ne masu nono da lura da ƙananan dabbobi. Kowane ya sami wakili.

Na uku umurni. Garken da ke da masu kora biyu, kowa na fuskantar nasa gefen, watsewa yake yi. Idan shanu sun yi ɓarna, a san mutum ɗaya da zai je ya tsaya da manomi a kimanta diyya, kuma abin da ya yanke ya hau kan kowa.

Na huɗu haɗa kai. Bafillace da Bahaushe da Balarabe duk tafki ɗaya suke shayarwa. Wanda aka tare wa hanya yau, maƙwabcinsa za a tare gobe. Mu riƙa zama da manoma ma kafin girbi, a daidaita farashin kara da ranar shiga gona. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na biyar bin sawu, kuma a nan ne yawancin ƙungiyoyinmu suke mutuwa. Makiyayi yakan ƙidaya shanunsa kowace yamma, ba don yana zargin ɗansa ba. Saboda haka duk fam ɗin da aka karɓa a ba da rasit, kowane wata uku a karanta lissafi a bainar jama'a, da Hausa da Fillanci da Larabci, don wanda bai iya karatu ba ya ji da kunnensa. A sa wa'adi ga kowace kujera, in ya cika a sake zaɓe ba tare da gaba ba.

'Yan'uwa, tun da yaƙi ya tashi a watan Afrilu na 2023 mun ga yadda ofisoshi suke rufewa a bar talaka da kansa. Don haka kada mu tashi daga nan sai mun yi abu uku: mu buɗe littafin sunayen membobi da rugagensu, mu yanke kuɗin da kowa zai riƙa biya, mu kuma zaɓi mutanen da za su bi burtali kafin ruwan farko. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.