Cutar Siliyak: Ciwon Hanji Da Alkama Ke Tayarwa



Yau za mu yi magana a kan wata cuta da likitoci ke kira siliyak. Yawancinmu ba mu san sunanta ba, amma wasunmu sun ga kamanninta. Akan yaye yaro lafiya lau, a shiga ba shi shayi da burodi da safe, taliya da rana. Bayan 'yan watanni sai zawo ya kama shi ya ƙi tsayawa, kashin fari-fari, mai maiƙo da ɗoyi. Ciki ya kumbura, ɗuwawu ya motse, yaro ya daina girma. Wani ya ce haƙori ne, wani ya ce tsutsar ciki, wani kuwa ya ce tamowa ce, a ƙara masa abinci. Abincin nan kuwa shi ne cutar.

A cikin alkama da sha'ir akwai wani sinadari mai suna gulutin, shi ke sa ƙullin fulawa danƙo. Ga yawancin mutane ba ya yin lahani. Amma akwai waɗanda da zarar ya shiga cikinsu sai garkuwar jikinsu ta auka wa bangon ƙaramin hanji. Bangon nan yana da ƙananan tsiro kamar gashin tawul, su ke tsotse amfanin abinci. In sun shafe, abinci wucewa kawai yake yi. Shi ya sa jini ke raguwa, ƙashi ya yi rauni. Ga babba, wani lokaci ba zawo ma, sai kasala da ƙarancin jini da ya ƙi jin magani. Ba a ɗaukar cutar daga wani, amma tana bin jini: cikin iyaye da 'ya'ya da 'yan'uwan mai ita, kusan ɗaya cikin 10 yana da ita.

Likita Samuel Gee ya bayyana alamunta a London a 1888. Wani likitan yara na ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ya tabbatar da laifin alkama, bayan ya lura marasa lafiyarsa sun murmure lokacin da burodi ya yanke a yunwar 1944 zuwa 1945, suka koma ciwo da ya dawo. An daɗe ana ɗauka cutar Turawa ce. Sai ga binciken da aka buga a 1999 kan yaran Yammacin Sahara da ke gudun hijira a Aljeriya ya sami fiye da 5 cikin 100 suna da ita, alhali a duniya kusan 1 ne cikin 100. Mu ma kullum cin alkamarmu ƙaruwa yake yi.

Ba a gane ta da ido. Wanda ya ga alamun nan sai ya je asibiti, kamar Asibitin Tarayya na nan Keffi, ya gaya wa likita abin da yaron ke ci. Akan fara da awon jini, sannan a zura siririyar na'ura ta baki a gutsuro ɗan bangon hanji a duba. A nan muna roƙonku ku kiyaye: kada a daina ba yaro alkama kafin awo, domin hanjin zai fara warkewa, awon ya nuna babu kome.

In an tabbatar, maganinta barin alkama da sha'ir har ƙarshen rayuwa. Babu ƙwaya ko allurar da za ta maye gurbin wannan. Ke nan an rabu da burodi, taliya, gurasa, alkubus, funkaso, alkaki, fanke, cincin, biskit, tuwon semo da lemon malt. Abin godiya, kasuwar Keffi cike take da abin da ya halatta gare shi: doya, rogo, dawa, gero, masara, shinkafa, acca, wake, riɗi, nama da kifi.

Wahalar tana wurin alkamar da ba a gani. Mai ɗanwake kan haɗa da fulawa. Akan soya ƙosai a man da aka soya fanke. Injin niƙa kan niƙa masa dawa bayan alkamar wani. Saboda haka uwa ta ware masa tukunya da muciya da rariya, ta tambayi mai sayarwa, ta kuma sanar da malamin makarantarsa. Sauran 'yan'uwansa su ma a kai su awo, ko da suna ji garau.