Kilomita 40 tsakanin Sayam Forage da kasuwar Diffa



Duk sanda aka ce 'yan gudun hijira a nan Diffa, Sayam Forage hankalinmu ke tafiya. An buɗe sansanin a ƙarshen 2014, lokacin da mutanen Damasak da Malam Fatori ke tsallako Komadugu daga su sai kayan jikinsu. An kai shi can wajen kilomita 40 daga gari don a nisanta mutane da iyaka, kuma dalili ne mai kyau. Akwai ruwa, akwai lakwal, akwai likita, ana rabon abinci. Amma fa mafi yawan waɗanda suka gudo ba su taɓa kwana a Sayam ba. Cikin unguwanninmu suka sauka, a zaure, a kango, a gidan dangi ko gidan tsohon abokin ciniki. Bayan harin Bosso na Yunin 2016 kuma, bakin kwaltar N'Guigmi ya cika da bukkoki.

Me ya sa mutum zai bar abincin kyauta ya zo ya raɓe a kango? Ai masunci ne, manomin tattasai ne, mai saida banda ce. Me masunci zai yi cikin rairayin Sayam? A gari akwai dako, akwai wankau, akwai gini, ga Barbarci da Hausa a bakin kowa, ga naira na yawo a kasuwarmu kamar sefa. Kar ku manta da halin da masu masaukin suke ciki a lokacin. Dokar ta-ɓacin Fabrairun 2015 ta hana hawa babur, aka tsayar da cinikin kifi da na tattasai, takin zamani ya yi wuyar samu. Ɗan kabu-kabun da aka raba da babur ɗinsa, shi ne ya raba tuwonsa da baƙo.

Abin da na fi so mu duba shi ne aikin yanka filaye da ma'aikatun magajin gari suka yi tare da HCR, da kuɗin Tarayyar Turai, a Diffa, Maine-Soroa, Chetimari, N'Guigmi, Kablewa da Toumour. Ga yadda yake tafiya. A zauna da masu gonaki a daidaita, a auna ƙasar a yanka. Wani kaso ya koma wa masu gonakin, wani ma'aikatar magajin gari ta riƙe ta saida don aikin gari, saura kuma a ba mabuƙata kyauta da takarda. Su wa? Ɗan Najeriyar da ya gudo, ɗan Bosso da ya rasa garinsa, da talakan nan wanda bai taɓa mallakar ko taku ɗaya ba, duk a unguwa guda. Gidajen ma da tubalin ƙasar wurin aka gina su, matasan gari da na baƙi suka koyi bugawa tare. Ni dai a ganina, cikin shekarun nan ba a yi dabarar da ta kai wannan ba, don ta toshe bakin mai cewa an fifita baƙo a kan ɗan gida.

To amma fili yana jan ido. Mai yunwa da takardar fili a aljihu, mun san wanda ke jiransa a bakin hanya da kuɗi a hannu. In pampo bai je unguwar ba, in babu teburi a kasuwa, saidawa zai yi ya koma bukka.

Sai maganar takardar haihuwa, wadda ke hana ni barci. Yaron da aka haifa a 2015 cikin gudu, a ƙarƙashin itace ko a gidan aro, ya haura shekara 10. In wa'adin rajista ya wuce, sai an bi ta hannun alƙali, uwar kuma ba ta san ƙofar ba. Ranar jarabawa za a tambaye shi takarda. Najeriya ba ta san da shi ba, Nijar ba ta rubuta shi ba. Na san ana maganar komawa gida, mutanen Baroua ma sun koma a 2021, Allah ya zaunar da su lafiya. Shi wannan yaron, gidan da ya sani shi ne Diffa.

Tun Afrilun 2024 da aka rushe majalisun gari, kantomomi ke riƙe da ma'aikatun, kuma ƙofarsu ba a kulle take ba. Kowace fada ta zagaya unguwarta cikin satin nan, ta rubuta yaran da ba su da takarda, na baƙi da na gida, kar a ware. Mu kai jerin gaba ɗaya mu nemi alƙali ya fito unguwa ya yi zama. In mun shiga kuma mu tambaya, cikin ladabi, filayen nan da aka raba guda nawa ne har yanzu ke hannun waɗanda aka ba.

Mai son shiga aikin ya tsaya bayan an tashi, ga takarda nan da biro.