Hawan Jini, Suga da Ƙiba a Jinyar Masu Cutar MS



Wannan takarda ta tsaya ne a kan magana ɗaya, wato duk mai cutar MS da ake duba ƙwaƙwalwarsa ba tare da an kula da hawan jininsa da sugansa da ƙibarsa ba, rabin jinya ake yi masa. Cutar tana samuwa ne idan garkuwar jiki ta juya tana cin mayelin, wato rigar maiƙon da ta lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, kuma ƙididdigar Ƙungiyar MS ta Duniya ta 2020 ta nuna mutum miliyan 2.8 ke ɗauke da ita. Sai dai ba kasafai take zuwa ita kaɗai ba. Bitar da Ruth Ann Marrie ta jagoranta a 2015, lokacin tana Jami'ar Manitoba a Kanada, ta gano cewa kashi 23.7 cikin ɗari na masu cutar suna fama da ciwon damuwa, 21.9 da fargaba, 18.6 da hawan jini, 10.9 da yawan maiƙo a jini, kashi 10 kuma da ciwon huhu mai daɗewa.

Abin da likitoci ke kira rukunin matsalolin sarrafa abinci yana tabbata ne idan alamomi 3 cikin 5 suka haɗu a jikin mutum. Bisa ma'aunin Amurka na 2001 da aka gyara a 2005, alamomin su ne ƙugu da ya wuce santimita 102 ga namiji ko 88 ga mace, hawan jini daga 130/85, sugan da ya kai 100 kafin karin kumallo, maiƙon tiragilisarid daga 150, da ƙarancin kolestarol mai amfani, ƙasa da 40 ga namiji ko 50 ga mace. Biyu daga cikinsu da tef irin na tela da na'urar awon jini ake gano su, sauran ukun kuma jini kaɗan ake ɗiba.

A 2010 Marrie da abokan aikinta sun nazarci bayanan kusan mutum 9,000 daga rajistar NARCOMS ta Arewacin Amurka, inda suka gano cewa waɗanda ba su da ciwon da ya shafi zuciya da hanyoyin jini sukan kai kimanin shekara 18.8 bayan gano cutar kafin su fara dogara sanda, masu irin wannan ciwon kuwa shekara 12.8 kacal. Tazarar shekara 6 ke nan ta tafiya da ƙafa, kuma da a ce wani sabon magani ne ya samar da ita, da kamfanoni sun cika kowane taro da tallarsa. A 2020 Raffaele Palladino ya bi bayanan masu cutar sama da 12,000 a Ingila, ya tarar haɗarin bugun zuciya ya ƙaru musu da kashi 28 cikin ɗari, na cutar hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa da kashi 59, idan aka kwatanta su da sa'o'insu. Ƙiba ma takan riga cutar zuwa, domin binciken Kassandra Munger na 2009 a kan ma'aikatan jinya mata a Amurka ya nuna mai ƙiba a shekara 18 haɗarin kamuwarta ya ninka fiye da sau 2.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Kitsen tumbi yana sakin sinadaran da ke rura kumburi, hawan jini da suga suna lalata ƙananan hanyoyin jinin ƙwaƙwalwar da tun farko take jinya, gajiya da raunin ƙafa kuma suna zaunar da mutum wuri ɗaya har ƙiba ta ƙaru. Magungunan kansu suna da hannu, tun da giram 1 na methylprednisolone da ake bayarwa kullum na kwana 3 zuwa 5 idan ciwon ya tashi yana ɗaga suga da jini, fingolimod da teriflunomide su ma suna ɗaga jini.

Masu ja da wannan matsayi za su ce galibin hujjojin na lura ne kawai, kuma gwajin MS-STAT2 na Birtaniya, wanda ya haɗa mutum 964, ya nuna a 2024 cewa simvastatin, maganin rage maiƙon jini, bai rage ci gaban naƙasa ba. Haka ne, amma gwajin bai ce a bar mai hawan jini da hawan jininsa ba.

Abin takaici shi ne yadda hukumomin lafiya ke raba majinyaci gida biyu: likitan jijiyoyi yana ƙirga tabo a hoton MRI yana zaton likitan iyali ya auna jini, shi kuma likitan iyali yana ɗora kowane ƙorafi a kan MS. Ana kashe maƙudan kuɗi a kan allurai, ana kuma tarurruka a kan farashinsu, amma ba a mayar da hankali ga wajabta awon ƙugu da jini da suga aƙalla sau ɗaya a shekara ba. Takardar nan tana neman a sanya wannan awo, tare da tambaya a kan taba da damuwa, cikin ƙa'idar kowane asibitin MS, a kuma daina cire masu cututtuka biyu ko uku daga gwajin sababbin magunguna, tun da irinsu ne suka cika layin ganin likita.