Kile Mai Awo: Wanne Ya Dace da Baburan Adar?

 

Duk wanda ya taɓa hawa babur daga Madawa zuwa Buza, ya zarce Keita, ya san abin da duwatsun Adar suke yi wa ƙarfe. Jijjigar hanya tana kwance noti. Sai bakanike ya ɗauka maganin abin shi ne ɗaurewa iya ƙarfinsa, wani har ya zura bututu a kile ya taka da ƙafa. A nan ɓarnar take. Kan injin ƙananan baburan nan, Kasea ne ko Boxer, da sanholo aka yi shi, sanholo kuwa ba ya jure dole. Buji mai kaurin milimita 10, ɗaurin niyuton-mita 10 zuwa 12 ya ishe shi. Ka zarce haka, haƙoran ramin su cinye, mai babur ya kwana biyu bai ɗauki fasinja ba, a tsakiyar kakar albasa kuma, lokacin da kowace tafiya kuɗi ce.

Kile mai awo shi ne ke gaya wa hannu inda zai tsaya. Amma kafin ku tambayi kuɗinsa a Ƙonni ko Maraɗi, ku dubi lambobin da ke jikinsa. Awonsa ba ya zama abin dogaro sai daga wajen kashi 20 cikin ɗari na iyakarsa zuwa sama. Wanda iyakarsa 200 ce, na mota ke nan, sai daga 40 yake faɗin gaskiya, alhali buji da notin juye mai duk suna ƙasa da haka. Kile biyu babur yake so: ƙarami mai 5 zuwa 25 domin inji, da matsakaici mai 20 zuwa 100 domin notin ƙafa. In kuɗin ɗaya gare ka, sayi ƙaramin. Matsakaicin kuwa, gareji uku ko huɗu na layi ɗaya ku haɗa kuɗi ku saya, ku riƙa karɓa-karɓa.

Cikin ire-iren kile mai awo, wanda ya fi farin jini shi ne mai yin ƙas in an kai awon. Yana da daɗin aiki, sai dai da sifirin yake aiki a ciki, sifirin kuma yana gajiya, ƙurar hunturu tana shiga. Ƙa'idar ISO 6789 ta yarda da kuskuren kashi 4 zuwa 6 cikin ɗari, ta kuma ce a sake gwada kile bayan wata 12 ko amfani sau 5,000. To, bakanike a Tamaske ko Bangi, wa zai gwada masa? Shi ya sa ni na fi son mai allura. Sandar ƙarfe ce kawai take ɗan lanƙwasa, allura tana nuna lamba. Babu batir da zafin bazara zai kashe kamar a kile na lantarki, kuma in ya karkace ido zai gani, don allurar ba za ta koma sifiri ba. Aibinsa shi ne dole ka dubi allurar kai tsaye, a lungun inji kuwa hakan yana da wuya.

Kowanne kuka saya, ku gwada shi da kanku. Ku maƙala bakinsa a noti wanda ba ya motsi, ya miƙe a kwance. Ku auna daga tsakiyar baki zuwa tsakiyar mariƙi, mu ce santimita 25. Ku rataya jarka mai ruwa lita 5 a wurin, wato kilo 5. Ku riɓa 5 da 9.8, sannan da 0.25, zai ba ku wajen 12. Idan kile ya nuna 9 ko 15, ku mayar wa mai shi tun rasit yana hannu.

Yarana masu koyo, ku riƙe wannan. Kada ku kwance noti da kile mai awo. Mai ƙas, in an gama aiki, a mayar da shi kan lambarsa ta ƙasa kafin a sa a akwati. Kada ku shafa mai a haƙoran noti sai littafin babur ya ce a shafa, don mai yana sa noti ya matsu fiye da abin da kile ya nuna. Ku kuma lura da ma'aunin da aka rubuta: wasu littattafan da kilogiram-mita suke lissafi, 1 daidai yake da niyuton-mita 9.8, kilolin Amurka kuma da fam-ƙafa, 1 daidai da 1.36.